Kwamfutar da Aka Ce Kar In Taɓa

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da shagon ɗinka tambari a jikin riguna. Kayan 'yan makaranta, hulunan masu gadi, rigunan ma'aikatan gidan mai, duk abin da ake so a ga suna a ƙirjinsa, wurinsa ake kaiwa. Shagon ɗaki biyu ne. A na gaba akwai kanta da kujerun roba uku da fanka mai kuka. A na baya injin ɗinkin tambarin yake, mai kai huɗu, ga teburin guga, ga zare kala-kala jere a jikin bango har kusa da silin.

Tun da na gama karatun kwamfuta Kawu ya daina kiran sunana. Injiniya yake ce mini, ko a gidan biki ne. Da ya sayo sabbin kwamfutoci uku, waɗanda ba a sa musu komai a ciki ba, sai ya buga wa Ummata waya.

"Yaya, ki ara mini Injiniya kwana biyu. Ga gangar jiki na sayo, babu rai."

Ranar Litinin na je da jakata a baya, ina jin kaina. Shekara biyu ina aiki a ƙarƙashin wasu, ni ce mai ja waya, ni ce mai shiga ƙarƙashin tebur. Wannan ne karo na farko da za a ce komai a hannuna yake.

Muka zauna da Kawu a ofishinsa, wanda ba wani ofis ba ne illa lungun da aka kare da katako. Na yi masa bayani cewa kowace kwamfuta sai an sa mata babbar manhaja, wadda komai ke tafiya a kanta, kuma ita wannan manhaja lasisi ake saya mata.

"Mai gyaran waya na maƙwabta ya ce zai sa mini a kuɗin shan ruwa," in ji Kawu.

"Na sata ne, Kawu."

"Ya ce yana aiki garau."

"Kayan sata ma ai yana shiga jiki in an sa. Wata uku zai yi, ka wayi gari ka ga rubutu a gefen sikirin ana ce maka lasisinka na jabu ne, a gaban kwastoma. Kuma ba ka san abin da aka cusa a ciki ba. Kai da ke ɗinka sunan mutane a ƙirjinsu, ka fara da ha'inci a naka ɗakin?"

Kawu ya kwashe da dariya, ya leƙa ta saman katako ya kira matar da ke zama a kanta, wadda kowa ke ce wa Anti.

"Anti, kin ji? Na aiko a kawo injiniya, an haɗo mini da mai wa'azi."

Na ji daɗin maganar har cikin raina. Na ci gaba da zuba. Lasisi iri biyu ne, na gida da na kasuwanci. Na kasuwanci ya fi tsada, amma da shi za a iya kulle diski, ma'ajiyar bayanan kwamfutar, yadda ko an sace kwamfutar ba za a karanta abin da ke ciki ba, kuma Kawu zai iya shiga ta ofis daga gida. Na ce a saya wa ta ofis da ta zane na kasuwanci. Ta kanta kuwa, tunda rubuta oda da buga takarda ne aikinta, na gida ya ishe ta. Kawu ya sosa ƙeya, ya yi ƙorafi, ya amince. Muka je wurin dila mai izini muka saya da rasit, na rubuta lambobin lasisin na sa a ambulan na ce ya ajiye inda yake ajiye takardun shago.

Kafin la'asar ta Talata na gama ukun. Kowa da sunansa da lambar sirrinsa, firinta tana amsa kira daga kowane tebur. Anti ta buga takarda ɗaya don gwaji, ta ɗaga ta sama kamar an ba ta kyauta.

Saura ta huɗu.

Ta huɗun tsohuwa ce, tana ɗakin baya a kan wani ɗan tebur kusa da injin. Farinta ya koma ruwan ƙwai, sikirinta mai ƙaton ƙeya, in an kunna ta sai ka je ka sha ruwa ka dawo ba ta gama farkawa ba. Mai ita shi ne Baban Zare. Haka kowa ke kiransa saboda ba ka taɓa ganinsa ba tare da silin zare a rigarsa ko a gemunsa ba. Tela ne tun kafin a haife ni, shi ya fara aiki da Kawu ranar da aka buɗe shagon. Ba ya yawan magana. Yana saurarar injin yadda uwa ke saurarar numfashin jariri, kafin allura ta karye ya riga ya miƙa hannu.

Tun ranar Litinin, da ya ga ina zagaya teburin, ya ce mini:

"'Yata, wannan ki bar ta yadda take. Ita da injin sun saba."

"Baba, manhajar da ke kanta an daina kula da ita tun ina firamare. Ƙofa ce a buɗe."

"To. Ni dai kar ki taɓa ta."

Na yi murmushin da ake yi wa tsoho in ya ce maganin gargajiya ya fi allura. A raina na riga na yanke. Sabon lasisi ba zai hau ta ba, ta yi rauni, amma akwai babbar manhaja ta kyauta, mara nauyi, wadda ba ta buƙatar lasisi. In na sa mata, za ta yi sauri, Kawu bai kashe ko sisi ba, kowa ya ga aikin ilimi. Zanen kuwa za a riƙa yi a sabuwar kwamfuta a kai wa injin a filas, ɗan abin ajiyar bayanai da ake sokawa a jikin na'ura. Haka na gani ana yi a wasu wurare.

Ranar Laraba da hantsi Baban Zare ya tafi kasuwa sayo zare ruwan goro. Yana fita na ja kujerarsa. Na kwashe abin da ke foldar takardu na zuba a filas, ban ko buɗe na duba ba. Kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata ina so a goge diskin gaba ɗaya. Na ce na tabbata.

Minti arba'in aka gama. Ta tashi fes, da sauri kamar yarinya. Sai a lokacin na zagaya bayan injin ina neman inda ake soka filas.

Babu. Na duba gefe, na duba ƙasa, na haska da fitilar waya. Abin da ke akwai kawai wata kakkaurar waya ce mai faffaɗan kai, ta taso daga injin ta shiga bayan tsohuwar kwamfutar. Ta nan kaɗai injin ke karɓar zane, kuma manhajar da ke tura masa zanen ita ce na goge yanzun nan. Ba ta hawa kan sabuwar da na sa. Na buɗe filas ɗin. Wasiƙu biyu ne a ciki da jerin launukan zare. Zanen tambarin, na shekara goma sha ɗaya, ba a foldar takardu suke ba. A cikin foldar ita manhajar suke zaune, sun tafi tare da ita.

Na zauna ina kallon sikirin. Ina jin Anti a gaba tana gaya wa wani a waya cewa rigunan makarantarsu za su fito ranar Asabar in Allah ya so.

Tare suka shigo, Baban Zare da ledar zare, Kawu a bayansa. Baba ya kalli sikirin, ya ga abin da bai taɓa gani ba. Ya ajiye ledar a hankali.

"Injiniya, yaya?" in ji Kawu. "An yi wa tsohuwa kwalliya?"

Ban shirya ƙaryar ba. Da na shirya ta, wataƙila da na ji nauyinta na fasa. Bakina ne kawai ya buɗe.

"Kawu, diskin nan ya riga ya mutu. Ina kunna ta ta tsaya. Cike take da bairos, cutar kwamfuta, ya cinye komai. Na yi ƙoƙarin ceto, abin da na samu ke nan."

"Zanen fa?"

"Sun tafi."

"Duka?"

"Duka."

Kawu ya dafa bango. "Ta ina bairos zai shiga? Ko intanet ba ta da shi."

Nan ma da na yi shiru da an tsaya a ƙarya ɗaya. Amma tambaya ce ta ilimi, ni kuma Injiniya ce.

"Ta filas yake shiga. In ana soka mata filas na waje."

Mutum ɗaya ne ke taɓa kwamfutar nan a duniya. Kawu ya juya ya dube shi. Ban taɓa jin Kawu ya ɗaga wa Baban Zare murya ba sai ranar. Ya ce sau nawa ya ce kayan aiki ba kayan wasa ba ne. Ya ce shekara goma sha ɗaya ta tafi a banza saboda sakaci. Ya ce yarinyar nan tun shekaranjiya take faɗa, aka ƙi ji, ana ganin tsufa shi ne sani. Baban Zare yana tsaye, kansa a ƙasa, yana cire silin zare daga hannun rigarsa ɗaya bayan ɗaya. Anti ta leƙo ta koma.

A ranar Kawu ya kwashi rigunan makarantar a bayan mota ya kai wa wani shago a ƙetaren titi, na mutumin da suka yi shekaru suna takara. Ya dawo fuskarsa kamar an yi masa mutuwa.

A gida Umma ta tambaye ni aiki, na ce lafiya lau. Ta ce Kawu ya kira yana sa mini albarka, wai ba don ni ba da ba su ma san ciwon da ke cin su ba. Na ce kaina na ciwo, na shige ɗaki.

Alhamis ban je ba, na ce ana nemana a wurin aiki. Juma'a Kawu ya kira, wai firinta ta ƙi Anti. Dole na je.

Takarda ce ta maƙale, minti biyu na cire. Ina shirin sulalewa na ji ƙamshin guga daga ɗakin baya. Injin a rufe yake da zani. Baban Zare yana tsaye a teburin guga yana goge rigunan da aka dawo da su daga wancan shagon, ɗinkin wani, yana ninkewa yana jerawa. Mutumin da ko ninki ba a bari ya yi saboda hannunsa ya fi ƙarfin wannan.

Ya hango ni. Ya jingine dutsen gugar.

"'Yata, zo mana."

Na shiga. Na ɗauka zai ce ya san abin da na yi. Har na ji wani irin sauƙi, na ce gara a yi ta ta ƙare.

Ya sa hannu a aljihu ya ciro wani ɗan filas shuɗi, murfinsa ya ɓata, an ɗaura masa zare a wuya. Ya miƙo mini da hannu biyu.

"Wannan ne," ya ce. "Ban gaya wa kawunki ba, kunya ta hana ni. Bara da 'yata ta haihu a can inda take aure, mijinta ya aiko da hotunan jaririn a cikinsa. Wayata ba ta nuna hoto. Sau biyu na soka shi, wallahi sau biyu, na kalla na cire. Ban san yana ɗauke da cuta ba."

Na kasa karɓa. Ya ajiye shi a kan rigunan.

"Kwana biyu abinci ba ya wuce mini. Kin gaya mini tun ranar farko, na yi miki gardama irin ta tsofaffi. Ki yi haƙuri. In an gyara, ki koya mini yadda zan kiyaye, kar in sake jawo wa bawan Allahn nan asara. Kuma in da hali ki duba mini, ko za a iya cire cutar a bar hotunan."

Na taɓa jin kunya a rayuwata, irin ta faɗuwa jarrabawa, irin ta a kama ka kana gulma. Wannan daban ce. Ji na yi kamar an tuɓe ni a tsakiyar titi, kuma wanda ya tuɓe nin bai ma sani ba. Duk kwana biyun nan ina zaton shiru ya yi don ya rufa mini asiri. Ashe yarda ya yi. Ya ɗauka mai ilimi ba za ta faɗi abin da ba haka ba.

"Baba," na ce. "Baba, babu wata cuta."

Ya dube ni.

"Filas ɗinka lafiyarsa ƙalau. Diskin ma lafiyarsa ƙalau. Ni na goge. Da ka tafi kasuwa na goge komai da hannuna, ban duba bayan injin ba. Da na ga abin da na yi sai na ji tsoro."

Ya ɗauki filas ɗin ya mayar aljihu. Ya ɗauki dutsen gugar, ya ga ya huce, ya sake ajiyewa.

"Kin ji tsoro," ya ce.

"Eh."

"Sai kika ɗora wa wanda ba zai iya musu ba."

Hawaye ya zubo, na ji haushin kaina, don ko kukan ma kamar neman a tausaya mini ne.

"Matata ta tambaye ni abin da ke damuna, na ce mata na tsufa, na fara ɓarna, wataƙila lokacin ajiye aiki ya yi. Har mun fara maganar abin da zan koma yi." Ya girgiza kai. "Share fuskarki. Ba ni za ki yi wa kuka ba. Kawunki yana ofis."

Tsakanin ɗakin baya da lungun Kawu taku goma ne. Na same shi yana fama da lambar sirrinsa, yana danna harafi ɗaya ɗaya da yatsa guda. Na faɗa masa a tsaye, ban rage komai ba. Anti tana kanta, katako ne kawai tsakaninmu, na san tana ji. Ban sassauta murya ba, don a gabanta aka ci mutuncin Baba.

Kawu ya cire tabarau ya ajiye.

"Ke da kika hana ni sayen na sata," ya ce a hankali. "Har da wa'azi."

Bai ƙara ba. Da ya zage ni da ya fi mini. Ya tashi ya wuce ni ya shiga ɗakin baya ya jawo ƙofa. Ban ji abin da suka ce ba. Na daɗe a tsaye a wurin, Anti tana ta jera takardun da suke a jere. Can ta turo mini kujera da ƙafa ba tare da ta dube ni ba.

Da Kawu ya fito idonsa ya yi ja. Ya ce, "Abin da kika ɓata, za a iya gyarawa?"

"Wani abu daga ciki. Ba duka ba."

"To fara."

Na cire diskin na kai wa maigidana a wurin aiki, na gaya masa gaskiyar yadda aka yi, shi ma ya yi mini nasa kallon. Da manhajar tono abin da aka goge muka samo zane ɗari da talatin da wani abu cikin sama da ɗari huɗu. Sauran sabuwar manhajar da na sa ta hau kansu. Lambar lasisin tsohuwar babbar manhajar tana nan manne a gefen kwamfutar, ta koɗe amma ana karantawa, da ita na mayar da ita yadda take. Manhajar injin kuwa sai da muka nemo dilan da ya sayar da shi, ya yi mana yanga ta kwana tara kafin ya turo wani da faifan manhajar. Duk tsawon kwanakin nan injin yana rufe da zani, aiki yana tafiya ƙetaren titi.

Umma ta ji, don Kawu ba ya ɓoye wa yayarsa komai. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce kawai, "Dattijon nan ya girmi babanki." Ta yi kwana biyu tana ba ni amsa da kalma ɗaya.

Na ɗauki hutun sati biyu a wurin aiki. Kullum da safe ina ɗakin baya a kan ɗan benci, Baban Zare a kujerarsa. Mukan ɗauko tsohuwar riga ko hula da aka taɓa yi wa kwastoma, in ɗauki hotonta, in sake zana tambarin a sabuwar kwamfuta, in kawo wa tsohuwa ta tura wa injin. A nan na gane abin da na goge ba hoto ba ne kawai. Kowane zane ya yi shekaru yana gyara shi: wannan yadin yana tattarewa, a rage yawan ɗinki, wannan harafin in aka fara shi daga sama zare yana tsinkewa. Ba a rubuce suke ko'ina ba. Wasu ya tuna, wasu sai mun lalata ƙyalle uku huɗu.

Ba ya yi mini hira. "Rage." "Ƙara." "Warware, ba haka ba ne." In na yi daidai sai ya ce "To," ya miƙo na gaba. Na roƙe shi gafara sau biyu. Na farko ya ce, "Ana aiki." Na biyu ya ce, "Na ji. Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Amma zuciya ba injin ba ce, ki ba ta lokaci."

A sati na biyu wani mai kamfanin gadi ya zo karɓar huluna. Tsohon kwastoma ne, har ɗakin baya yake shigowa. Ya ɗaga hula ɗaya mai tambarin zaki ya juya ta a haske.

"Baba, wannan zakin ba shi ne na da ba. Na da ya fi cika fuska. Me ya faru?"

Baban Zare bai dube ni ba. Ya ci gaba da zura zare a allura ta uku.

"Ni na goge na da, ranka ya daɗe," na ce. "Kuskurena ne. Wannan sabo ne muka zana. In bai yi ba a sake."

Mutumin ya dube ni, ya sake duban hular, ya kafa ta a kansa ya leƙa gilashin taga.

"Ku ƙara masa gashi a na gaba," ya ce. "Wannan kamar bai ci abinci ba."

Ya kwashi kwalinsa ya fita. Baban Zare ya gama zura zaren, ya gwada tsaurinsa da yatsa.

"Buɗe zanen zakin," ya ce. "Daga kunne za ki fara."